Lissafin Yadin Bargo: Faɗi Ake Fara Tambaya

 Ni sana'ata awon gero da dawa da shinkafa ce, ba ni da rumfar yadi. To amma duk mai bin hanyar Lolo zuwa Malanbil, ko ta Tsamiya zuwa Segbana, ya san ba ya rabuwa da saƙo: wagga ta ce a riƙo mata turmi, wancan ya ce a yanko mashi akoko. In kaka ta yi, sanyi ya fara saukowa bakin Kwara, saƙon da ya fi yawa shi ne na yadin bargo. Ina nufin bargon da tela ke ɗinkawa, zane sama, zane ƙasa, auduga tsakiya, a bi shi da layukan ɗinki irin na lifidin doki. Tambayar kullum guda ce, yadi nawa za a sayo?

Na taɓa amsa ta da lissafin hatsi, na kuwa sha kunya. A 2019 ne, muna tara kayan ɗakin ɗiyata tun da damina. Na buga tsawo da faɗi, na raba da faɗin atamfa, lissafi ya ba ni yadi 4 ba kaɗan. Na sa anka yanko mani yadi 4 cif a Malanbil, ina ganin na tsere wa sayen turmi. Tela ya shimfiɗa, ya raba biyu, ya dube ni ya ce, "Alhaji, kowane ɓari ya gaza da inci huɗu, ba ni kuma da inda zan samo su." Kafin in koma, anka rufe iyaka cikin watan Agusta, na neme irin zanen nan kasuwanninmu na rasa. Da wani launi munka cike gefen, kuma shi dangin ango sunka fara gani ranar jere.

Ga inda na ɓata. Hatsi duk mazubin da ka ba shi zai bi, mudu arba'in mudu arba'in ne ko cikin buhu ko cikin masaki. Yadi kuwa da faɗinsa yake zuwa daga masaƙa, ba ka iya ƙara mashi. Don haka ba filin bargo ake lissafawa ba, ɓari ake ƙidaya: ɓari nawa za a jera su rufe gado, kuma kowane ɓari mene ne tsawonsa.

A fara da awon katifa. Mu ɗauki mai ƙafa 6 tsawo, 4 da rabi faɗi, wato inci 72 da inci 54. Bargo sai ya sauko gefe, in ba haka ba mai kwana gefe shi ne zai sha sanyi. A ƙara inci 9 dama, 9 hagu, 9 wajen ƙafafu, ya zama faɗi 72, tsawo 81. Sannan a ƙara rabon ɗinki, inci 4 ko 5 kowace fuska, domin kalmasa tana ci, kuma layukan da ke danne audugar suna tattare zane. Masu ɗinkin lifidi sun daɗe da sanin wanga, gwargwadon kusancin layuka gwargwadon abin da za su ci. Abin da za a yanka ke nan faɗi 76, tsawo 86.

Yanzu a auna faɗin atamfar da ke hannu. Mai kyau takan yi inci 46 ko sama da haka. Ɓari biyu in an haɗa, an fid da bakin da ke da rubutu da abin da ɗinki ya ci, inci 90 ne. In anka jera su bisa tsawon gado, kowane ɓari 86, biyu 172, kusan yadi 5. In anka gitta su, kowane ɓari 76, biyu 152, yadi 4 da kwata. Kwatan nan shi ne ya kā da ni. Shawarata a sayi turmi sukutum, yadi 6, abin da ya saura ya yi rigar matashin kai.

Gado mai ƙafa 6 da 6 shi ne ke da tarko. Bargonsa faɗi 95 ne, tsawo 86. In an gitta, ɓari biyu na 95 sun isa, inci 190, turmi guda ya wadatar har da saura. In mai bargo ta ce ita ba ta son tsuntsayen zanenta su kwanta gefe, sai an miƙe su, to ɓari uku ke nan na 86, ya haura yadi 7, turmi bai kai ba. Dillali ya tambayi wanga tun gida. Sannan ya dubi faɗi da kyau, don akwai atamfa mai araha da ba ta wuce inci 42 ba. Biyunta ba su kai 86 ba, dole a sa na uku, kusan yadi 8. Inci huɗun da ka raina ga faɗi sun ci maka kusan yadi 3, arahar ta tafi.

Zanen ƙasa da akoko aka fi yi. In faɗinsa yadi guda ne, inci 36, ɓari biyu ba su rufe ko ƙaramin gadon nan ba, sai uku na 76, yadi 6 da sulusi. Akoko kuma yana shan ruwa ya tsuke, a wanke shi ya bushe kafin almakashi ya taɓa shi. Ni nakan ƙara kamu guda ga kowane yadi 6, sai in ce a yanko 7.

A nan a yi hattara da awon ƙetare. Farin yadi can Benin da mita suke yanka shi, mita kuwa ta ɗara yadi da inci 3 da 'yan kai, mita 10 kusan yadi 11 ce. Yadi 7 namu mita 6 da rabi ce tasu. Atamfa kuma ko can da yadi take, sai dai da zane suke ƙidaya: zane guda yadi 2, zane uku turmi, shida babban yanki mai yadi 12. Kada ka auna da kamunka ka rantse, hannun Zaidu ba na Amru ba ne. Ka riƙa tef cikin aljihu, ka warware turmin gaban mai shi, don na sha ganin wanda anka rubuta wa yadi 6 ya gaza da taƙi guda.

Saura masu cewa a haɗa da ƙyallayen tela don sauƙi. In kyauta anka same su, madalla. In saye za a yi a yayyanka, ba sauƙi ciki. Ƙyalle mai inci 6 kowane gefe, ɗinki ya ci rabin inci ta ko'ina, ya koma 5. Ƙaramin gadon nan zai ci jere 17 na ƙyalle 15, wato 255. Yadi guda na atamfa yana fid da 42. Turmi sukutum ya ba da 252, ka ga da sauran uku, ga kuma ladan tela da zai ninka. Wanda ya so irin wanga don ado sai ya sayi turmi da zane guda na wani launi, ya gaya wa tela tun farko da wane za a yi baki.