Bayani Kan Gashi da Haske Bayan Aikin Ƙaba

Ciwon ƙaba yana samuwa ne idan hanji ko kitsen ciki ya sami kafa a inda naman bangon ciki ya yi rauni, sai ya turo waje ya yi kumburi a matsematsi ko a cibiya. Maganinsa shi ne tiyata, inda likita zai mayar da abin da ya fito, ya ɗinke kafar, sau da yawa kuma ya shimfiɗa wani ƙyalle mai kama da raga domin ya ƙarfafa wurin. Ganin yadda ake tallata fitilun gashi ga waɗanda aka yi wa wannan aiki, muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani.

Wani likita ɗan ƙasar Hangari mai suna Endre Mester ne ya fara lura da tasirin hasken leza mara ƙarfi a jikin ɓeraye a shekarar 1967. Hasken da ake amfani da shi ja ne, ko kuma wanda ke gaba da ja da ido ba ya gani. Yana ratsa fata kaɗan, kuma ma'aikatan sashen gashi na asibiti kan yi amfani da shi don rage zogi da kumburi. Amma hasken ba ya toshe kafar ƙaba, ba ya kuma mayar wa naman ciki ƙarfinsa. Lokaci da motsa jiki a hankali ne ke yin wannan.

Duk wanda za a yi wa gashin, sai da izinin likitan da ya yi aikin, kuma a hannun ƙwararre, tare da kare idanu. Ba a haska miki mai fitar da mugunya ko cikin mace mai juna biyu. Haka nan a guji gasa wurin da garwashi ko ruwan zafi a gida, domin fatar gefen ɗinki takan yi sanyin ji, mutum ya ƙone bai sani ba.

Abin da ya fi amfani shi ne majinyaci ya fara 'yar tafiya tun kwanakin farko, ya yawaita shan ruwa da cin ganye don gudun yunƙurin bayan gida, ya bar taba, ya nemi maganin tari. Huɗa, ɗaukar buhu da jan guga a rijiya kuwa sai a dakata da su na mako 4 zuwa 6, ko yadda likita ya ƙayyade. Idan aka ga zazzaɓi, amai, mugunya ko kumburin ya dawo, a garzaya asibiti.

Muna kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su isar da wannan bayani ga jama'arsu, su kuma ja hankalin 'yan uwa su ɗauke wa majinyaci aikin gona har ya warware. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.