Maganin Barin Taba da Bugun Zuciya

Akwai mutane da yawa da ke son rabuwa da taba sigari, amma tsoro ya hana su shan maganin da zai taimake su, don sun ji an ce yana rikita bugun zuciya. Tsoronsu kada su guje wa gara su faɗa gidan zago. To, ga abin da likitoci suka gano.

Zuciyar baligi mai lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 cikin minti ɗaya in yana hutawa. Nikotin da ke cikin taba yakan gaggauta bugun, ya tsuke hanyoyin jini, hayaƙin kuwa ya rage iskar da jini ke kai wa zuciya. Ashe tabar da kanta ita ce ta fara rikita zuciyar.

Magungunan da aka fi sani iri uku ne. Na fari nikotin ne kaɗan kaɗan, cikin cingam ko filasta mai mannewa a fata. Na biyu bufurofiyon, watau Zyban. Na uku barenikilin, watau Champix, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi a 2006.

A 2011 waɗansu masana suka tattara gwaje-gwajen baya, suka ce barenikilin yana ƙara ciwon zuciya. Hankula suka tashi. Amma an yi wani babban gwaji cikin ƙasashe 16, da mashaya sama da 8,000, inda aka gwada magungunan ukun da ƙwayar da ba magani cikinta. Da aka bayyana sakamakonsa game da zuciya a 2018, sai aka ga babu ɗaya cikinsu da ya ƙara mugun ciwon zuciya. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa bufurofiyon da barenikilin cikin jerin magungunan da suka wajaba a samu a kowace ƙasa.

Duk da haka sai da lura. Masu ciwon zuciya wanda bai lafa ba, ba a sa su cikin gwajin nan ba. Nikotin yakan sa waɗansu faɗuwar gaba. Bufurofiyon kuwa ba a wuce miligiram 300 a yini. Wanda ya zarce yana iya samun farfaɗiya da rikicewar bugun zuciya, mai farfaɗiya ma ba a ba shi sam.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka sayi ƙwaya a kasuwa bisa jin labari. Je wurin likita, ka gaya masa ciwonka da magungunan da kake sha, in kuma wani naka ya taɓa yin mutuwar farat ɗaya yana da ƙuruciya, kada ka ɓoye. In kana cikin sha ka ji ƙirji ya ɗaure, ko ka suma, garzaya asibiti. Haɗarin maganin kaɗan ne, shansa ma na makonni ne. Haɗarin taba kuwa kullum ƙaruwa yake yi muddin kana zuƙarta.