MAN ZAITUN: KAFIN KA SAYA, KA SAN WANDA KAKE SAYA



Maigida, in za ka sayo wa iyali man zaitun a shagunan magungunan Musulunci na Gyadi-Gyadi ko Tarauni, tsaya ka ji.

Zaitun ɗin da aka ambata a Suratut Tin da Suratun Nur ɗaruruwan iri ne, kowanne da yawan mansa. Picual na Sifaniya, Koroneiki na Girka, Chemlali na Tunisiya da Nabali na Falasɗinu sun shahara wajen mai. Sai an matse kusan kilo 5 na 'ya'yan ake samun lita 1. Ko a duwatsun Azbin na Nijar akwai zaitun daji mai jure fari, amma 'ya'yansa ƙanana ne.

Shi ya sa nagari ba ya arha. Duba kwalbar:

*Extra Virgin*: matsa aka yi, ba sinadari. Yakan ɗan karci maƙogwaro, kada ka ce ya lalace.

*Pomace*: daga tunkuzar zaitun aka tatso shi da sinadari. Kada ka biya kuɗin wancan a ba ka wannan.

Duba lambar NAFDAC, ka ajiye shi nesa da rana da murhu. Mai hawan jini kuma, kada ka bar maganin asibiti.

Allah Ya ƙara mana lafiya. A tura wa 'yan uwa.