Baƙar laka mai darewa: siffofinta, rabe-rabenta da matsalar sunanta a Hausar Dakwaro

1. Gabatarwa

Wanda duk ya taɓa fassara littafin kimiyyar ƙasa daga Faransanci zuwa Hausa ya san inda aiki ke cijewa. Kalmomi kamar sable da argile suna da abokan zama a Hausa, watau rairayi da laka. Kalmar vertisol kuwa ba ta da. Wasu masu fassara kan sa «fadama», wasu «baƙar ƙasa», wasu su bar ta yadda take. Wannan maƙala za ta bayyana ko mene ne vertisol, da yadda masana suka rarraba shi, sa'an nan ta gwada shi da kalmomin da manoman gundumar Dakwaro, a arewacin jahar Maraɗi, suke amfani da su. Ra'ayinmu shi ne Hausa ta san wannan hali na ƙasa sarai, amma a cikin aikatau ta ajiye shi, don haka daga aikatau ya kamata a gina sunansa.

2. Siffofin ƙasar

Laka a wurin masana ita ce ƙwayar ƙasa da ba ta kai mikron 2 ba, watau kashi biyu cikin dubu na milimita. Amma laka iri-iri ce. Wadda ta fi yawa a jajayen ƙasashen Afirka ta Yamma ita ce kawolinit, wadda fallayenta suke manne da juna, ruwa ba ya shiga tsakaninsu. Ta vertisol kuwa simektit ce, kuma fitacciya a danginta ita ce montmorillonite, wadda ta samo suna daga garin Montmorillon na Faransa. Ruwa yana kutsawa tsakanin fallayenta, tazararsu ta tashi daga wajen nanomita 1 zuwa kusan 2. Idan ta sha ruwa sai ta kumbura, idan ta bushe sai ta motse. Sauran siffofin duka daga nan suka taso.

Da rani ƙasar takan dare, tsagar ta kai faɗin santimita da dama, zurfinta kuma ya kai rabin mita ko fiye. Iska da kofaton dabbobi suna tura ɓarɓashin sama cikin tsagogin. Ruwan farko na damina yakan bi ta nan ya jiƙa ƙasar daga ciki. Da ta kumbura, sai ta rasa wurin zuwa, ɓangarorinta su riƙa zamewa a kan juna a karkace. Zamewar nan ce take barin fuskoki masu sulɓi da sheƙi, waɗanda Faransanci ke kira faces de glissement, da hoge mai siffar bakin gatari. A wasu wurare doron ƙasar kan zama ƴan tuddai da ƴan kwaruruka a jere, abin da ake kira gilgai, kalmar da aka aro daga wani harshen ƴan asalin Ostareliya.

Launinta baƙi ne ko toka-toka mai duhu, alhali rubabben ganye da taki da ke cikinta kaɗan ne, sau da yawa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba. Tana riƙe abincin tsiro fiye da kawolinit nesa ba kusa ba, musamman kalsiyam da maganiziyam. Sai dai aikinta da wuya: da rani ta fi ƙarfin hauya, da damina kuma ta manne wa garma, lokacin da take nomuwa ƴan kwanaki ne tsakanin biyun.

3. Rabe-raben masana

An daɗe ana kiran wannan ƙasa da sunaye na gida: regur a Indiya, tirs a Maroko, argiles noires tropicales a rubuce-rubucen Faransawa. Kalmar vertisol ta fito ne a 1960 cikin tsarin da ma'aikatar noma ta Amurka ta gabatar, wanda ya zama Soil Taxonomy a 1975. An gina ta a kan aikatau na Latin vertere, mai ma'anar juyawa. Sharuɗɗan da aka yarda da su a yau uku ne: laka ta kai kashi 30 cikin ɗari, a sami wani sashe mai kaurin santimita 25 ko fiye, cikin mita ɗaya daga sama, mai fuskokin zamewa ko hoge mai bakin gatari, sa'an nan tsagogi su riƙa buɗewa suna rufewa bisa ga yanayi.

A kan waɗannan sharuɗɗa an daidaita, amma kowace makaranta da ma'auninta wajen rarrabawa. Tsarin Faransa na CPCS, na 1967, ya dubi ko ruwa yana samun hanyar fita daga wurin ko kuwa kwanciya yake, sa'an nan ya dubi ko saman ƙasar ɓarɓashi ne ko hoge mai kusurwa. Taswirar FAO da UNESCO ta 1974 ta dogara ga launi, ta raba mai duhu ƙwarai da mai ɗan haske. Tsarin Amurka ya dogara ga yanayi, watau tsawon lokacin da tsagogi ke zama a buɗe: Usterts a inda damina da rani ke karɓa-karɓa, Torrerts a busassun wurare, Aquerts a inda ruwa ke kwanciya. Tsarin duniya na WRB, wanda ya fara fitowa a 1998, bugu na huɗu kuma a 2022, ya riƙe rukuni ɗaya yana ƙara masa siffatau. An ƙiyasta faɗin wannan ƙasa a duniya da hekta miliyan 335, mafi yawanta a Indiya, Ostareliya, Sudan da Habasha. Gonakin audugar Jazira a Sudan, da ake shayarwa daga madatsar Sennar tun 1925, a kanta suke.

4. Inda take a ƙasar Dakwaro

Simektit tana samuwa ne ko dai daga dutse mai yawan kalsiyam da maganiziyam, ko kuwa a kwari inda ruwa ke tara waɗannan sinadarai ya bushe a kansu. Galibin ƙasar Dakwaro tsoffin tuddan rairayi ne, ruwan sama kuma bai cika wuce milimita 400 a shekara ba. Saboda haka ba a samun shimfiɗaɗɗen fili na baƙar laka irin na kudancin tafkin Cadi. Mai neman laka mai kumburi a nan sai ya sauka cikin tabkuna da ƙananan wurare na tsoffin kwaruruka, kamar kwarin Tarka, wanda ya ratsa yankin ya nufi Madawa. Wanda ke son cikakken bayanin ƙasashen kudancin Nijar zai same shi a littafin Michel Gavaud na ORSTOM, wanda ya fito a 1977.

Akwai abin lura a nan. Ba kowane busasshen tabki mai tsagogi ba ne vertisol. Sau da yawa lakar ɓawo ce kawai ta ƴan santimita da ruwa ya shimfiɗa a kan rairayi, ta bushe ta nannaɗe kamar ƙanzo. Sai an haƙa rami an ga kaurin lakar da fuskokin zamewa kafin a yanke hukunci.

Duk da ƙanƙantar waɗannan wurare, darajarsu babba ce. Su ne ke riƙe ruwa bayan damina, su ne dawa ke so, kuma a kansu ne manomi da makiyayi suke haɗuwa, a yankin da dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa. Kuskuren suna a nan yana da farashi. Ginin siminti da aka ɗora a kan laka mai kumburi ba tare da tushe mai zurfi ba yakan tsage cikin ƴan shekaru. Ban ruwa da ruwa mai kanwa yana toshe ta, ta daina shan ruwa. Shawarar noma da aka tsara don jigawa kuwa ba ta yi mata.

5. Kalmomin Hausa

Binciken da Claude Raynaut da abokan aikinsa suka yi a jahar Maraɗi ya yi amfani da kalmomi uku a rubutun Faransanci yadda suke: jigawa, geza, fadama. Jigawa ita ce ƙasa mai rairayi, mai sauƙin noma, gonar hatsi. Geza ƙasa ce mai tauri wadda samanta ke yin ɓawo, ruwa ya gudu a kanta. Fadama ita ce ƙasar kwari mai laima. Idan aka lura, ma'aunin manomi shi ne matsayin wurin, da halinsa da ruwa, da wahalar da yake ba hauya. Ma'aunin masani kuwa shi ne abin da ke cikin rami. Tsarin biyu ba su hau kan juna daidai ba.

Fadama suna ne na wuri: akwai fadama mai rairayi, akwai mai laka. Baƙar ƙasa tana nuna launi da albarka, kuma ana faɗar ta ga gonar bayan gari da ta sha taki, ko da rairayi ce. Laka ta haɗa kawolinit da simektit. Taɓo hali ne na ɗan lokaci, ƙasa ce da ta jiƙe ta kwaɓe. Yumɓu kalmar maginan tukwane ce, ta dubi amfani. Babu ɗaya cikinsu da ya keɓanta da ƙasa mai kumburi.

Harsunan maƙwabta da ke zaune a kan manyan filayenta suna da suna guda: firki a Barno, karal a Fulatancin arewacin Kamaru. A can ne ake dasa dawar masakwa bayan damina, ta rayu da laimar da lakar ta riƙe, a girbe ta a tsakiyar hunturu. Inda ƙasa ta zama ginshiƙin abinci, harshe yakan ba ta suna. A Dakwaro, inda tsibirai ce cikin rairayi, sai aka siffanta ta da aikatau: ta kumbura, ta motse, ta tsage, ta dare. Hausa ma tana da hanyar nuna yawan tsagogin ta ninka gaɓar farko, a ce ta tsattsage ko ta daddare.

6. Shawara

Hanyoyi uku ne a gaban mai fassara. Ta farko aro, a rubuta «bartisol». Wannan zai yi amfani a aji, amma ba ya gaya wa manomi kome. Ta biyu fassarar asalin kalmar, «ƙasa mai juyawa». Ba mu goyi bayanta ba, domin juyawar ba abin da ido ke gani ba ce, kuma binciken da aka yi tun shekarun 1980 ya nuna tana da jinkiri ƙwarai fiye da yadda aka zata da farko. Ta uku ita ce siffantawa: «baƙar laka mai darewa». «Laka» ta ɗauki sharaɗin kashi 30, «baƙa» ta raba ta da jar laka, «darewa» kuma ta fi «tsagewa» nuna buɗewa mai faɗi da zurfi. Rauninta shi ne akwai vertisol mai launin ƙasa-ƙasa. A irin wannan hali sai a yar da siffar launi, a ce «laka mai darewa».

7. Kammalawa

Tun da aka buɗe makarantun gwaji na harsunan gida a 1973, Nijar take buƙatar kalmomin kimiyya da malami da manomi za su fahimta tare. Abin da ya rage shi ne aikin fili. Ya kamata ɗalibin harshe da ɗalibin kimiyyar ƙasa su tsaya a bakin rami ɗaya, a Kwarnaka ko Birnin Lalle ko cikin Tarka, ɗaya yana auna laka, ɗaya yana rubuta abin da mai gonar ya kira ta, da jimlar da ya faɗe shi a ciki. Idan aka tarar da wani suna na gida da ya keɓanta da wannan ƙasa, shi ya fi cancanta a kan wanda muka ƙirƙira.