Albasar kura ba albasa ba ce

Yau ma daga Sakkwato nake magana.

Jiya na bi ta kasuwar Ramin Kura, buhunan albasa jibge sun fi tsayina, sai wani labari daga Indiya ya faɗo mini a rai. A 2021 masana tsirrai suka sanar da sabon nau'in albasar daji, suka raɗa mata suna Allium negianum. Tun 2019 suka ci karo da ita kusa da ƙauyen Malari, jihar Uttarakhand, can saman tsaunukan Himalaya. Abin dariyar, mutanen wurin sun daɗe suna zuba ta a girki. A littafi ne kawai take sabuwa.

To yaya ake tabbatarwa? Ganin ido bai isa ba, don da farko an ɗauka wata 'yar'uwarta ce da aka riga aka sani. Sai an ciro ta da saiwa da ganye da fure, a danne tsakanin takardu ta bushe, a gwada da waɗanda ke ajiye a ɗakunan adana tsirrai. A auna furen, a duba ɓawon, a binciki ƙwayoyin halitta. In ta fita daban, sannan a wallafa bayaninta.

Mu dawo gida. Muna da albasar kura, muna da albasar kwaɗi. Wani likita Bature, Dalziel, ya tattara irin waɗannan sunaye na Hausa a littafinsa na 1916. Amma fa ko ɗaya ba ta cikin dangin Allium, inda albasa da tafarnuwa suke. Ta kura tana cikin Drimia, ta kwaɗi kuma Crinum. Kama ce kawai, saboda kan da ke ƙarƙashin ƙasa.

Kuma ba wasa ba ne, wallahi. Albasar kura na ɗauke da guba mai rikita bugun zuciya, danginta suna kashe dabbobi a wurin kiwo. Ina ganin kakanninmu sun san abin da suke yi da suka bar wa kura ita.

Don haka in ƙaninka ya tono wata a daji, murza ganyen ka shinshina. Albasar gaske warinta ba ya ɓuya. In babu warin nan, kada ta kusanci baki, kada a jefa wa akuya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.