*IDAN FATAR IDO TA SAUKO TA TARE GANI: INSHORAR LAFIYA TANA BIYAN KUƊIN AIKI?*



Akwai dattawa da yawa a gidajenmu, za ka ga sai sun ɗaga haɓa ko sun ɗage gira kafin su gane wanda ya yi sallama. Wani in zai karanta Alƙur'ani sai ya sa yatsa ya tallafe fatar idon. Sai mu ce ai tsufa ne. Eh, sau da yawa shekaru ne ke sa fatar ta saki, ko naman da ke ɗaga ta ya yi rauni, amma idan ta rufe ƙwayar ido to ta zama lalura, kuma ana gyara ta da ƙaramin aiki, galibi allurar kashe zafi kawai ake yi a wurin.

*Ya halatta?*
Malamai sun bambanta canza halitta don ado da cire cuta. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙi, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Don haka aikin da zai dawo da gani magani ne.

*Maganar inshora*
Tsarin inshorar lafiya, na tarayya (NHIA) ko na taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano (KSCHMA), an yi shi ne don cuta, ba ya ɗaukar aikin kwalliya. Saboda haka abin da likita ya rubuta shi ne komai. Ga yadda za a bi:

1. A fara da asibitin da aka yi rajista, ko a Rano ne ko a Kibiya. Kar a tsallake shi a tafi birni kai tsaye.
2. A gaya wa likita abin da ya gagara: karatu, ɗinki, tuƙin babur, ganin hanya. Kar a ce "idon ya yi muni."
3. A karɓi takardar turawa zuwa likitan ido, misali a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.
4. A nemi gwajin faɗin gani, da awon yadda fatar ta sauko, a rubuta a fayil.
5. Kafin ranar aiki, a tambayi jami'in inshorar asibitin ko an amince, kuma me za a biya daga aljihu.

*Waɗannan ba sa jira*
Idan fatar ido ta faɗi kwatsam, tare da ciwon kai mai tsanani, ko ganin abu bibbiyu, ko karkacewar baki, a garzaya asibiti a ranar. Yaron da aka haifa da ido ɗaya a runtse shi ma a kai shi da wuri, don idon da bai saba gani tun yana ƙarami ba yakan raunana har girma.

Akwai kuma amodari, wanda ke juyar da gashin ido ciki yana gogar ƙwayar. Wannan daban ne, tsige gashin ba ya warkar da shi, aiki ake yi.

Don Allah a daina ɗiga ruwan albasa ko sauran haɗe-haɗe a ido. Ba sa ɗaga fata, sai dai su jawo hakiya.

Duk mai tsoho a gida, yau ka dube shi da kyau. A tura wa 'yan uwa. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.