Makwanci, Masauki da Gida: Yadda Ƙasar Finlan Ta Zaunar da Marasa Muhalli

A bakin Bahaushe akwai kalmomi uku masu nuna wurin da mutum ke sa haƙarƙarinsa, watau makwanci da masauki da gida. Makwanci wurin kwana ne kurum, ko da rumfar kasuwa ce ko zauren wani, gari na wayewa sai a naɗe tabarma. Masauki na baƙo ne, yana da mai shi, wanda ke da ikon cewa zaman ya isa haka. Gida kuwa shi ne inda mutum ke rufe ƙofa da mabuɗinsa, ba mai tambayarsa dalili. Duk wanda ya riƙe bambancin nan zai fahimci gardamar da masana suka daɗe suna yi a Turai da Amurka game da marasa muhalli, gama tushenta tambaya ɗaya ce: cikin ukun nan, wanne ya kamata a fara ba mutumin da aka samu yana kwana a titi?

Tsarin hawa tsani

Dabarar da aka fi bi a da ita ce wadda ake kwatantawa da hawa tsani. Za a fara kai mutum gidan kwana na taron jama'a, inda zai sami gado da dare, da safe a sallame shi. In ya daina shan giya ko ƙwaya, ya kuma yarda da maganin da likita ya rubuta masa, sai a ɗaga shi zuwa wani masauki mai ɗan sauƙin dokoki. Daga nan sai wani, har a tabbata ya cancanci ɗaki nasa na kansa. Aibin tsarin shi ne, waɗanda suka fi bukatar taimako su ne suka fi zamewa. Mai taɓin hankali ko wanda maye ya kama da wuya ya kiyaye dokoki a ɗakin da mutane da yawa ke cunkushe, kuma laifi ɗaya ya isa a mai da shi matakin farko. Ta haka waɗansu suka yi shekaru suna kewaya tsakanin titi da asibiti da kurkuku.

Tsarin gida tukuna

Cikin 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam, Sam Tsemberis, ya kafa ƙungiyar Pathways to Housing a birnin Niyok, ya juya tsanin nan. A wurinsa ɗaki ake fara bayarwa, ba tare da sharaɗin barin maye ko shan magani ba. Abin da ake nema ga mai ɗakin shi ne ya biya kashi 30 cikin ɗari na abin da ke shigo masa, ya kuma yarda ma'aikata su riƙa ziyartarsa. Binciken da aka buga cikin 2000 ya nuna bayan shekara biyar kashi 88 cikin ɗari na mutanen ƙungiyar suna nan a zaune, alhali a tsohon tsari kashi 47 ne suka ɗore. Ƙasar Kanada ta gwada wannan hanya a birane biyar daga 2009 zuwa 2013, da mutane wajen 2,000. A wata shidan ƙarshe na gwajin, kashi 62 na waɗanda aka fara ba ɗaki ba su rasa wurin zama ba ko sau ɗaya, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 31 ne.

Abin da Finlan ta yi

A Finlan, inda sanyin hunturu kan kashe mai kwana a waje, an soma ƙidayar marasa muhalli kowace shekara tun 1987, aka sami fiye da mutum 18,000. Ƙidayarsu tana da faɗi, domin har wanda ke raɓe a ɗakin aboki ko ɗan'uwa ana sa shi a lissafi. Tun 1985 an kafa wata gidauniya mai suna Y-Säätiö don ta sayi ɗakuna ta ba marasa galihu haya, yawansu ya yi ta raguwa, amma waɗanda suka daɗe a titi ba su ragu ba. Saboda haka cikin 2007 ministan gidaje, Jan Vapaavuori, ya naɗa kwamitin mutum huɗu, cikinsu har da likita da bishop na Helsinki. Sunan rahotonsu ya ƙunshi manufar duka, ma'anarsa “suna a jikin ƙofa”.

Aiki ya kankama cikin 2008, bisa yarjejeniya tsakanin gwamnati da manyan birane da ƙungiyoyin agaji. Ginshiƙansa uku ne. Na farko, kowane mutum yana sa hannu a takardar haya irin ta kowa, yana biya daga kuɗin taimakon da gwamnati ke ba marasa ƙarfi, ba kuwa a fitar da shi sai bisa dokar haya. Na biyu, aka raba batun ɗaki da batun magani, ta yadda wanda ya koma wa giya ba zai rasa mabuɗinsa saboda haka ba. Na uku, aka mai da gidajen kwana na taron jama'a ɗakunan haya. Wani gini na ƙungiyar Salvation Army a titin Alppikatu na Helsinki, mai gado 250, an sāke fasalinsa cikin 2012 ya zama ɗaki 81, kowanne da madafa da makewayi. Gadajen kwana irin na da a birnin sun sauko daga 2,121 a 1985 zuwa 52 a 2016.

Ɗakunan iri biyu ne. Akwai na warwatse cikin unguwanni, inda ma'aikaci ke zuwa lokaci lokaci. Akwai kuma gine-ginen da ma'aikata ke ciki dare da rana, domin masu larura mai tsanani. Aikin ma'aikacin shi ne ya taya mutum cike takardun neman taimako, ya raka shi asibiti, ya shirya yadda zai biya bashi, ya koya masa dafa abinci da tsimin kuɗi, ya kuma shiga tsakani in an sami saɓani da maƙwabta. Wanda ya yi shekara goma a titi yakan manta waɗannan abubuwa, wani ma kaɗaici cikin ɗaki shi ne babban abin da ke damunsa.

Riba da iyaka

Kimanin mutum huɗu cikin biyar da aka zaunar ta wannan hanya sun riƙe ɗakunansu. Marasa muhalli masu zaman kaɗaici sun ragu daga wajen 8,000 a 2008 zuwa wajen 3,400 a 2023. Wani lissafi da aka yi a birnin Tampere ya nuna ana iya tsimin kusan Yuro 15,000 a shekara kan mutum guda, sabili da raguwar kwana a asibiti da shiga hannun 'yan sanda.

Amma fa tsarin yana da iyaka. Gwajin Kanada ya nuna ɗaki na tsai da mutum wuri ɗaya, sai dai game da maye da ciwon ƙwaƙwalwa bambancin ɓangarorin biyu kaɗan ne. Har ila yau, ba ya aiki sai inda akwai ɗakuna masu arha da kuɗin taimako da zai biya haya. Finlan kanta ta shaida haka: cikin 2024, shekarar da gwamnati ta rage taimakon haya, adadin ya hau zuwa wajen 3,800, hawa na farko cikin shekara goma da ɗoriya.

Saboda haka malamin da zai fassara wannan al'amari ga ɗalibansa lalle ne ya yi hattara da zaɓen kalma. In ya kira ɗakunan Alppikatu masauki, ya mai da masu su baƙi, ya kuma ɓoye abin da aka sāke cikin 2012. Kalmar da ta dace ita ce gida, domin mabuɗi da takardar haya suna hannun mai zama a ciki.